Ranar da aka ɗauke min moto a kasuwar Dole

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, na kafe motona Kasea bakin kasuwar Dole a nan Damagaram (Zinder) na shiga sayen tumatir da tattasai, wallahi ban yi minti 20 ba na fito na tarar wurin wayam. Na tsaya ina ta kallon ƙasa kamar za ta tsage moto ya fito.

Abin da har yau yake cina a rai shi ne ban wuce komisariya nan take ba. Abokai suka ce a'a bari mu tambayi yaran fada, wato samarin majalisun unguwa, ai sun san masu wannan aiki, wani ya ce akwai mai duba a Garin Malam, haka na yi kwana 3 ina yawo daga Zango zuwa Kara-Kara ina raba jika-jika ga masu cewa gobe za ka ji labari, goben da ba ta zo ba.

Rana ta huɗu baffana ya ja ni muka tafi komisariya. Ɗan sandan da muka tarar ya ce malam yaushe abin ya faru, na ce Alhamis. Ya ajiye biro ya dube ni ya ce to ina ka shiga tun ranar? Ya ce daga nan zuwa Matamai ko Magarya ba wata tafiya ba ce, iyakar Najeriya na nan kusa, moto in ya kwana ɗaya ya tsallaka ko an kwance shi an sayar gunduwa-gunduwa. Na ce shef wallahi ruɗewa ce. Sai ya tambayi kart giris, wato takardar rajistar moto, da lambar shasi, nan ma na yi tsuru-tsuru, don takardun duka har da katin ɗan ƙasa suna ƙarƙashin sirdin moton, ɓarawo ya tafi da kaya da shaida gaba ɗaya. Allah ya taimake ni resi na wurin mai shagon da na saya, a nan muka samo lambar. Suka rubuta ƙarata, suka yi min takardar ɓatan kaya, da ita na samu na sake katin.

Tun lokacin na ɗauki hoton kowace takarda na ajiye a waya, na asali kuma suna gida ko aljihu. Lamba 17 ta 'yan sanda da 18 ta masu kashe gobara na sa wa matata su a wayarta, na ce in kin kira ki fara faɗin unguwa da wata alama, kusa da masallaci kaza ko famfo kaza, tunda lungunan Birni ba lambar gida za ka bayar a gane ba. In a bayan gari ne kuma jandarma ake nema.

Ba komai nake kaiwa can ba fa, rigimar kwata da maƙwabci ko akuya ta ci dawa wannan na mai unguwa ne. Amma sata, faɗa da makami, yaro ya ɓace, ba na jiran gari ya waye. Kwanaki aka kama wani yaro da wayar sata a layinmu mutane suka taso da sanduna, ni da aka yi wa sata ni na kira 17 na tsaya gabansa har mota ta zo, don na san in aka fara duka ba mai iya tsayar da shi.

Moton dai har yau shiru, kabu-kabu nake hawa zuwa aiki.