Injin da Na Zana a Bayan Littafin Lissafi

Ina aji biyar na sakandare aka rufe masaƙar da Baba yake aiki a Kakuri. Ba tasu kaɗai ba ce. A shekarun nan na farkon 2000 masaƙun Kaduna suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, garin da tun 1957, zamanin Sardauna, aka san shi da saƙa. Ni kuwa a lokacin ba abin da nake so a duniya irin in shiga Kaduna Poly in fito injiniya. Bayan littafina na lissafi cike yake da zanen injin sussukar masara, saboda na sha ganin yadda tafin hannun kakata ke ɗurar ruwa in muka je Saminaka da kaka.

Karatu ya tsaya. Kawu ya kama hannuna ya kai ni Tsohuwar Panteka wajen wani mai walda. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Poly ɗin tana nan kusa, kullum sai na ga ɗalibai suna wucewa da jakunkunansu, ni kuma ina jan ƙarfe.

Shekara biyu ban nuna wa kowa zanen ba. Ranar da Maigida ya tsince shi a aljihun rigar aikina, sai da gabana ya faɗi. Ya daɗe yana juya takardar, sannan ya ce, "Kai yaro, nawa ne kuɗin boris ɗin da za ka sa a nan?"

Na ce, "Ban sani ba, Maigida."

Ya ce, "To ba ka fara so ba tukuna. Je ka tambayo."

Wannan maganar ita ta sauya ni. Da can daɗin abin kawai nake ji in na kwanta. Da na zagaya rumfunan 'yan gwangwan na rubuta kuɗin boris da bel da fale-falen ƙarfe, sai burin ya zama abin da ake iya ƙirgawa. Na shiga adashi. Na rage zaman majalisa da dare. Ba wanda ya tilasta mini. Mutumin da ya san inda za shi ba ya buƙatar mai tashinsa da asuba.

Injin farko bai yi ba. Haƙoran da na walda a jikin gangar sun yi kusa da raga, gudun kuma ya yi yawa, sai ya riƙa ɓarza ƙwayar tare da totuwa. Buhun masarar mutane guda na ɓata, na biya. Na yi kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. A nan na gane cewa son abu ba ya maye gurbin awo. Na koma na buɗa tazarar, na sa wa gangar fuli mafi girma, wato faifan da bel ke juyawa, don gudun ya sauka. Sai a gwaji na uku masara ta zubo fes, totuwa ta fita ta gefe.

Akwai masu ce mini dogon buri ba kyau, kuma ban ce sun yi ƙarya ba. Wanda malamai ke zargi shi ne mai mantar da mutum mutuwa, har ya taka haƙƙin wani. Amma ai Annabi (SAW) ya yi umarni da a dasa dashen da ke hannu ko da Alƙiyama za ta tsaya. Na ga abokan aikin Baba da dama bayan rufe masaƙa. Ba yunwa ce ta fara karya su ba, rashin abin da za su tashi dominsa gobe ne. Wannan nake ji wa matasanmu tsoro fiye da talauci.

Har yau ban shiga Poly ba, kuma in na bi ta ƙofarta ina jin wani abu a ƙirjina. Amma injinana suna aiki a Lere da Giwa. Yara huɗu ke koyo a hannuna yanzu. Makon jiya ƙaraminsu ya kawo mini zanen injin matsar man gyaɗa, yana ta sunkuyar da kai. Na ba shi biro da takarda, na tura shi rumfar masu boris.