Zama da tsohuwar MGB ƙirar 1972

Motar da ta fi cin lokacina a duniya ta girme ni. MGB ce ƙirar 1972, mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa baya in rana ta fito, abin da ba kullum yake faruwa a Ingila ba. Aiki ne ya zaunar da ni kusa da Coventry, garin da a da ɗimbin mutanensa a masana'antar mota suke cin abinci, kuma a nan sha'awar ta kama ni. Da na kai maganar gida, maiɗakina tambaya ɗaya ta yi: "To, Baban Yara, yaran a ina za su zauna?" Har yau ban ba ta amsar da ta gamsar da ita ba.

Ba MGB ce ta fi kowace kyau a cikin tsofaffin motocin yawon shaƙatawa na Birtaniya ba. Jaguar E-Type da ta fito a 1961 ta fi ta kyau da gudu, Austin-Healey 3000 ta fi ta kwarjini, Triumph TR6 ta fi ta murya. Amma kuɗin na farkon biyu sai wane da wane. Ita kuwa MGB an ƙera fiye da rabin miliyan a masana'antar Abingdon, kudu da Oxford, daga 1962 zuwa 1980, aka kai mafi yawansu Amurka. Wannan yawan ne ya sa har gobe kusan babu abin da za ka nema na jikinta ka rasa, daga fistin har robar gilashi. Ka yi oda yau, jibi ɗan aike ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Lokacin neman wadda zan saya, wani dattijon Bature maƙwabcina, wanda ya yi ritaya daga aikin haɗa motoci, shi ya riƙa raka ni. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ko bonet ba ya buɗewa. Mai mota zai tayar da inji yana taka totur don mu ji ƙara, shi kuwa tsohon ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwanta, da maganaɗisu a hannu ɗaya, sukundireba a ɗayan. Yana bin ƙasan ƙofa yana manna maganaɗisun. Inda ya ƙi kamawa, to ba ƙarfe ba ne a wurin, bodi-fila aka cusa aka shafe da fenti. Daga nan sai ya miƙe ya tsaya yana kallon ratar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. In ratar ta matse daga sama ta buɗe daga ƙasa, sai ya kaɗa kai ya ce mu tafi, motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya.

Sai daga baya na gane dalilinsa sosai. TR6 da Spitfire suna da shasi daban, ana ɗora bodi a kai. MGB ba ta da shi. Bodin ne ƙashin bayanta. Tunda kuma ba ta da rufin ƙarfe, dukan ƙarfinta yana cikin dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda suka taso daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya. Kowanne ɗaya ba falle guda ba ne: akwai na waje da ido ke gani, akwai wani a tsaye a ciki, akwai na ƙasa, duk an haɗa su sun zama kamar akwati. Ruwa yana shiga akwatin ya kwanta. A lokacin sanyi kuma hukuma tana watsa gishiri a tituna don kada ƙanƙara ta sa santsi, taya ta kwaso ruwan gishirin da laka ta cusa a lunguna. Daga ciki tsatsa take fara ci, irin cin gara a azara, kafin fenti ya kumbura a waje ta riga ta gama aikinta. Kuma wani sashe na ƙarfen yana ɓoye ne a bayan fuka-fukan gaba da na baya, wato sassan bodin da ke rufe tayoyi, ba a kai gare shi sai an yanke su ko an kwance.

Wadda muka tsaya a kanta a ƙarshe tana hayaƙi, kujerunta sun yage, rufinta yana yoyo. Tsohon ya ce wannan ce. Inji a sauke shi a gyara a mayar, kuɗinsa sananne ne tun kafin a fara. Aikin tsatsa kuwa ba a sanin ƙarshensa sai an yanka. Duk da haka bayan 'yan shekaru gefen hagu ya nuna tsatsa, don shi ne gefen da ke bin bakin titi inda ruwa ke taruwa. Mai waldar da ya yi aikin sai da ya fara gicciya ƙarfe a bakin ƙofar ya liƙe shi, don kada motar ta motsa in ya yanke tsohon ƙarfen. Ya riƙa mayar da ƙofar yana gwadawa kafin kowace walda. Kuɗin wannan gefe ɗaya ya fi duk abin da na kashe a kan inji tun da na sayi motar. Ga wanda tasa ta ruɓe gaba ɗaya, kamfanin British Motor Heritage ya dawo da buga sabon bodin MGB tun 1988, da ainihin injinan bugun da aka yi na farko da su. Sai dai kafin ka fente shi ka mayar da komai a kai, ka kashe abin da ya fi kuɗin motar a kasuwa. Yanzu duk shekara ina fesa kakin hana tsatsa a cikin akwatunan nan, ina kuma zura waya a ƙananan ramukan da ruwa ke fita don kada su toshe.

Injin shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, kuma shi ya sa na ƙara kusanci da Kawuna, tsohon bakanike a Kaduna. Silinda huɗu ne, cc 1798, ɗan gidan injinan da ke cikin Morris Oxford da Austin Cambridge, irin waɗanda Kawu ya koyi aiki a kansu kafin a buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, Fijo ta mamaye hanya. Ranar da na nuna masa kafireta biyu ƙirar kamfanin SU ta kiran bidiyo, dariya ya yi kamar ya ga tsohon aboki. Motar tana rawa a sulo, ni kuma hannuna yana kan sukurun kafireto. Ya ce, "Ɗana, sauke hannunka. Kafireta ita ce ta ƙarshe. Fara da bawul, ka zo kan kwantak da fulogi, ka saita wuta. In ka gama ba ta daina ba, sannan ka taɓa ta." Na ce, "To, Kawu." Ratar kwantak ɗin, wadda ya kamata ta kasance 0.015 na inci, ta kusa rufewa. Da na buɗe ta rawar ta ragu sosai. Sauran kuma ya koya mini da guntun tiyo: ka sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kowace kafireta, ka saurari shaƙar iska, ka yi ta juya sukuru har sautin biyun ya zama ɗaya. Akwai na'urar awon da ake sayarwa don wannan aiki, na saya ma, amma tiyon nake ɗauka. Ya kuma tuna mini da ɗan man da ake ɗigawa a saman kowace SU. In ya ƙafe, motar sai ta yi tari duk lokacin da ka taka totur.

Turawa suna da barkwanci iri-iri a kan wayarin tsofaffin motocinsu, wai duhu suke samarwa ba haske ba. Ni dai a ganina an zalunci wayarin. Tsarinsa a bayyane yake ga wanda ya haddace launuka: ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir, fari wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, kore ita ce farar bayan ta bi ta fiyus, shuɗi na manyan fitilu, ja na ƙananan, baƙi kuma shi ne wanda ake ɗaurewa a bodi. Fiyus huɗu ne kacal a tawa. Kusan duk lokacin da fitila ta yi dishi-dishi ko sigina ta rikice, ba wata na'ura ce ta mutu ba. Mahaɗin waya ne ya yi kore don tsufa, ko baƙar wayar da ke ɗaure a bodi ta yi tsatsa. Ka goge da sanfefa, ka shafa ɗan giris, shi ke nan. Batir biyu ne masu bolt shida-shida a ɓoye bayan kujeru, inda ba mai tunawa da su. Famfon mai na lantarki ne, yana can baya. In ka murɗa makulli za ka ji yana ƙyas-ƙyas, in ka ji shiru, ka ɗan ƙwanƙwasa shi da sufana ya kai ka gida, sannan ka gyara shi da gaske. Wani abin dariya kuma, bawul ɗin ruwan hita a daidai saman distiributa aka dasa shi, in ya fara ɗiga a kan wuta yake ɗiga.

Sufanun milimita ba sa aiki a nan, na inci ake nema, 7/16 da 1/2 da 9/16 su ne 'yan kullum. Ƙafafun gaba suna son giris duk bayan mil 3,000, shokozoba ma mai ake zuba mata. Bakin mai 20W-50 take sha, tana kuma ɗigar da kaɗan a ƙasan gareji. Na sa faranti na daina damuwa.

Man fetur shi ne ya canza a ƙarƙashin motocin nan. An ƙera su ne don fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a gidajen man Birtaniya a 2000, don haka ko dai ka riƙa zuba sinadarin da ke maye gurbin dalmar, ko a sa wa tof-silinda mazaunin bawul mai tauri. Na zaɓi na biyun lokacin da aka sauke kan injin don maganin hayaƙin nan. A Satumban 2021 kuma fetur na gama-gari ya koma E10, mai ethanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ke cinye tsofaffin tiyon roba yana kuma jawo laima cikin tanki. Na canza duk tiyon mai, ina kuma sayen E5 mai tsada, wanda ethanol ɗinsa bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Tiyon da ya tsage a kusa da salansa mai zafi ba abin wasa ba ne.

Doka ta yi wa masu irin waɗannan motoci sassauci. Motar da ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya in an yi mata rajistar motar tarihi, tun Mayun 2018 kuma an ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, muddin ba a yi mata babban sauyi ba. Wannan na biyun ban yarda da shi ba. Motar da ba ta da jakar iska, mai birkin diski a gaba kawai, ita ce ta fi bukatar wani ya ɗaga ta sama ya duba ta da idon da ba na mai ita ba. Ina kai tawa duk shekara ina biya da kuɗina, kuma a irin wannan dubawar aka gano bututun birkin baya ya fara ruɓewa.

A tarukan ƙungiyoyin masu motocin MG, kamfanin da ya ƙera MGB, irin MG Car Club da aka kafa a 1930, za ka ga motocin da aka kawo a kan tirela, an goge har cikin salansa. Ba na hassada da su. Abin da na gani shi ne ajiya ta fi tafiya lalata motar nan: kuloci ya manne, birki ya kama, fetur ya tsufa a kafireta, robobi su bushe. Ko a tsakiyar hunturu, in titi ya bushe babu gishiri, ina fitar da ita in yi tafiyar da za ta sa mai ya yi zafi sosai, ba zagayen unguwa ba. A hanyoyin ƙauyen Warwickshire, in na danna makunnin obadaraib, ƙarin giyar da ke rage juyin inji, a giya ta huɗu injin ya sauke murya, mil 55 a awa ya ishe ni. Kana zaune dab da kwalta, gudun da a motar zamani ba ka ji, a nan har cikin ƙashinka.

Wanda ya tambaye ni wacce zai saya, nakan ce kada ya raina masu baƙar bambar roba da aka fara yi a 1974 don cika dokokin Amurka. An ɗaga su sama kaɗan, masu son asali suna yi musu kallon banza, shi ya sa suka fi araha, alhali inji da bodi duk dangi ɗaya ne. Tawa kuwa kulocinta ya fara zamewa a kan tudu, kuma a MGB ba a canza kuloci sai an ciro inji. Na riga na ari ƙugiyar ɗaga inji a wurin maƙwabcina, Kawu kuma ya ce in kira shi kafin in kwance noti na farko.