Tayar da Ta Dace da Duwatsun Shere

Keken da nake hawa gwanjo ne. Na saye shi shekara uku da suka wuce a nan Jos, daga cikin kekunan hawan dutse da ake shigowa da su daga Turai, bodinsa na alminiyam ne, yana da shokozoba a gaba kaɗai, a baya kuwa kwankwason mahayi ne yake shan gargada. Ranar da na kawo shi gida na zauna da biro da takarda na jera abubuwan da zan canja masa, kamar yadda na ga masu bidiyo a YouTube suna yi: giya mai faranti ɗaya a gaba, shokozoba mai iska, da sirdi mai sauka da tashi. Taya ba ta samu shiga takardar ba ko da a layin ƙarshe, domin a ganina a lokacin taya taya ce, muddin dai tana riƙe iska.

Fitata ta farko ce ta yaga wannan takarda. Da sassafe na biya wajen mai faci a bakin titi, ya ɗora mini kan injinsa ya yi ta ɗura iska har sai da tayoyin suka yi tauri kamar dutsen niƙa, ya danna da babban yatsa ya ce yanzu ta yi. A kan kwalta keken yana gudu kamar ba na taka shi, na yi ta sa masa albarka a zuciyata. Amma da na wuce madatsar ruwa ta Lamingo na shiga ƙafar duwatsun Shere, sai keken ya koma ɗan akuya, kowace tsakuwa sai ya yi tsalle a kanta. A wata gangara ta falalen dutse wadda yashi ya ɗan lulluɓe, na karya kai zuwa hagu, tayar gaba kuwa ta ci gaba da tafiyarta zuwa inda ta nufa tun farko, na sauka a kan gwiwar hannu. Bayan kwana biyu, da na ari ma'aunin iska na gwada, allura ta tsaya kusa da 55 a awon ƙarfin iska da ake kira psi, wato kusan ninki biyu na abin da irin wannan ƙasa take buƙata. Mai facin bai yi laifi ba, domin abin da ya saba da shi ke nan: keken ɗaukar buhun masara ko jarkokin ruwa yana son taya mai tauri.

Da na yanke shawarar canja tayoyin, abin da ya fara rikita ni shi ne girma. Kekunan hawan dutse suna zuwa da wili iri uku, mai inci 26, da 27.5, da 29, kuma waɗannan lambobi ba su da gaskiya sosai, domin kimanta faɗin taya ne daga waje. Lambar da ba ta ƙarya ita ce wadda aka rubuta da ƙananan haruffa a gefen taya, kamar 57-584. Ta farko kaurin taya ce da milimita, ta biyu kuma faɗin rim ɗin da za ta zauna a kansa. Inci 26 na hawan dutse shi ne 559, inci 27.5 shi ne 584, inci 29 kuma 622. Abin dariyar shi ne tsohon keken Raleigh ko Phoenix da iyayenmu suka hau, wanda ake ce wa tayarsa inci 28, rim ɗinsa 635 ne, ya fi na inci 29 girma. Haka kuma akwai wata taya da ake rubuta wa 26 x 1 3/8, wadda take 590, kuma duk ƙarfin mutum ba za ta zauna daidai a kan rim mai 559 ba. Ni kaina na taɓa dawowa daga kasuwa da taya mai 559, alhali rim ɗina 584 ne, saboda mai shagon ya rantse mini cewa inci ɗaya da rabi ba wani abu ba ne, roba ce za ta buɗe. Ba ta buɗe ba, tana nan rataye a ƙusa a zauren gidana.

Wanda ya nuna mini wannan lamba wani dattijo ne mai gyaran keke a unguwarmu, wanda ya fara sana'ar tun kafin a haife ni. Ya juya tayar, ya tofa yawu ya goge gefenta da yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan ƙaramin rubutun za ka riƙa karantawa, babban na talla ne." Na ce, "To Baba, na ji." Tun daga ranar hoton lambar yana cikin wayata.

Sai maganar haƙoran taya, wadda a nan ne mutum zai iya ɓata kuɗi da yawa idan ya biye wa intanet. Da yawa daga cikin masu yabon taya a bidiyo suna hawa ne a dazukan Ingila ko Kanada, inda ƙasa take jiƙe, ga saiwoyin itatuwa masu santsi, ga taɓo kusan duk shekara. Su suna son dogayen haƙora masu tazara da roba mai laushi. Mu kuwa a kan tudun Jos, daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa busasshiya ce, jar ƙasa mai tauri da tsakuwa a samanta, sai falalen dutse mai kaushi wanda yake cin roba kamar sanfefa. Ga kuma kwalta da dole sai na bi kafin in kai daji. Dogayen haƙora a kan irin wannan ƙasa lanƙwashewa suke yi maimakon su nutse, roba mai laushi kuwa wata kaɗan ta suɗe.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne tayar gaba da ta baya ba aiki ɗaya suke yi ba, saboda haka ba dole ne su zama iri ɗaya ba. Idan ta baya ta zame, sau da yawa mahayi yana iya gyarawa ya wuce, wani lokaci ma har ya ji daɗin abin. Idan ta gaba ta zame, babu shawara, sai ƙasa. Don haka na sa Maxxis Minion DHF mai kaurin inci 2.3 a gaba, saboda manyan haƙoran da suke gefenta, waɗanda suke kama ƙasa idan an kwantar da keke a kwana. A baya na sa Ardent mai inci 2.25, wadda haƙoranta na tsakiya gajeru ne kuma kusa da juna, ba ta shan ƙarfin ƙafa a kan hawa. Masu son tayoyin kamfanin Schwalbe suna yin irin wannan haɗin da nasu, wasu kuma suna samun CST da sauƙin kuɗi, wanda kamfanin Cheng Shin na Taiwan ne yake yi, shi ne kuma mai Maxxis ɗin. Suna ba shi ne abin dubawa ba. Kafin mutum ya sayi mai kauri sosai, ya leƙa tsakanin taya da bodi a baya ya ga ko akwai wuri, domin a damina, lokacin da jar ƙasar nan take komawa kamar kwaɓin gini, tazarar da ba ta kai kaurin ƙaramin yatsa ba cikewa take yi har wili ya ƙi juyawa.

Akwai kuma jikin tayar, wato saƙar zaren da take ƙarƙashin roba, wadda ake auna ta da yawan zare a inci guda. Mai 120 zarenta sirara ne, ba ta da nauyi, tana bin ƙasa da laushi. Mai 60 zarenta kauri ne, ta fi nauyi, ta fi jure wahala. Ga wanda yake bi ta tsakanin duwatsu masu baki kamar wuƙa, ni mai 60 nake zaɓa, tare da ƙarin kariya a gefe, irin wadda Maxxis suke kira EXO, domin yankan gefe faci ba ya maganinsa.

Ƙaya kuwa ban san ta ba sai da na ɗora keken a mota na tafi da shi garinmu a ƙasar Katsina bayan kaka. A can babu dutsen kirki, sai rairayi da burtali da hanyoyin gona, amma tsidau yana nan shimfiɗe a ƙasa yana jira, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da makiyaya suke sassarowa su bari a hanya. A yini ɗaya taya ta sace mini sau uku. A karo na uku faci ya ƙare, na turo keken zuwa gida yara suna bina suna tambaya ko mai ne ya ƙare. Da na zare tiyub ɗin na tsoma shi a bahon ruwa, kumfa ta tashi a wuri biyar.

Wannan ne ya sa na koma tubles, wato taya marar tiyub, kuma a cikin duk kuɗin da na kashe wa keken nan babu wanda ya biya ni kamarsa. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun 1999 kamfanonin Mavic da Michelin da Hutchinson na Faransa suka fito da tsarin da suka kira UST, daga baya kuma ruwan toshe huda irin na Stan's ya sa kusan kowa ya iya yi a gida. Ana naɗe cikin rim da tef na musamman don ya rufe ramukan sufok, a sa bawul mai roba a gindi, a zuba ruwan, wanda danƙon roba ne fari kamar madara, kimanin mililita 90 a kowace taya. Idan ƙaya ta shiga, iskar da take neman fita ita ce take turo ruwan zuwa bakin hudar, ya daskare ya toshe ta, sau da yawa mahayi bai ma sani ba. Dole dai taya da rim su kasance waɗanda aka yi domin haka. A nan ne injin mai faci ya yi ranarsa, domin sau da yawa famfon hannu ba ya iya tura iska da ƙarfin da zai sa bakin taya ya hau rim ya yi ƙara tas. Baba yana zaune yana kallona ina tsiyaya ruwan, ya ce, "Yanzu kuma taya nono take sha?" Bayan wata biyu na kai masa keken, muka ƙirga ƙayoyi bakwai a tayar baya, iska kuma tana nan, ya girgiza kai ya ce idan kowa ya yi haka su da me za su ci abinci.

Abin yana da nasa wahalar. Ruwan yana bushewa, kuma a busasshiyar iskar hunturu da zafin bazara ya fi saurin bushewa, don haka duk wata biyu nake girgiza wili in saurara, idan ban ji motsin ruwa ba in ƙara. Samunsa ma sai an yi oda daga Legas ko Abuja, ko a roƙi mai dawowa daga waje. Har yanzu kuma ina tafiya da tiyub guda a jaka saboda ranar da dutse zai yi yankan da ruwa ba zai toshe ba, kuma a ranar sai an bi cikin tayar da yatsa an cire duk tsofaffin ƙayoyin da suke ciki kafin a sa shi, in ba haka ba sabon tiyub ɗin ba zai kai bakin hanya ba.

Babbar ribar tubles ita ce yana ba mutum damar rage iska. Mai tiyub idan ya rage da yawa, ya daki dutse, rim yakan matse tiyub ɗin ya yi masa huda biyu a jere kamar saran maciji. Yanzu, da nauyina na kilo 75, ina sa psi 24 a gaba da 27 a baya, in ƙara kaɗan idan tafiyar kwalta ce zalla, in rage kaɗan idan rairayi zan shiga. Na sayi ƙaramin ma'auni na daina dogara da yatsa. Gangarar da ta kayar da ni na koma na bi ta, tayar ta kwanta a kan dutsen kamar tafin hannu.

Abubuwan da suke cikin waccan takarda kuwa, kaɗan ne suka tsira, wasu abubuwa dabam na gyara. Birki na canja, daga na waya zuwa na mai, Shimano MT200, na kuma sa faifai mai milimita 180 a gaba a maimakon 160, domin doguwar gangara tana gajiyar da yatsu. Wanda zai yi haka ya sani cewa birkin Shimano man ma'adinai na musamman yake sha, idan aka zuba masa man birkin mota robobin ciki za su lalace. Feda ma na canja zuwa mai faɗi da ƙananan ƙusoshi masu riƙe takalmi, ko da yake ƙaurina yana ɗauke da shaidarsu. Sarƙa kuwa awo nake yi mata da rula: cikakkun mahaɗai 12 na sabuwar sarƙa, kowanne da ɓangaren ciki da na waje, inci 12 ne cif, idan ta wuce haka da kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci, lokacin canji ya yi, kafin ta cinye haƙoran giya.

Giyar mai faranti ɗaya na fasa. Tawa mai faranti uku a gaba da tara a baya tana kai ni duk inda ƙafata za ta iya kai ni, kuma idan sarƙarta ta tsinke zan iya samun wata a cikin gari, abin da ba zan ce game da mai giya 12 ba. Shokozobar ma tana nan yadda ta zo, mai sifirin, mai nauyi, na dai buɗe ta na wanke ƙura na sa mata giris. Sirdi mai sauka da tashi ne kaɗai har yanzu yake raina, na auna bututun bodin na ga milimita 30.9 ne, na rubuta na ajiye. Sai dai haƙoran tsakiya na tayar baya sun fara kwantawa, damina kuma ta kusa, saboda haka kuɗin da na tara a wannan karon ma ita za ta cinye su.