Tafiyata Kura da Kwanciyar Hutun Baya

Gwaggona ce ta kira ni daga wani ƙauye a gefen Kura, ta ce matan da ke turara mata shinkafa ciwon baya ya ishe su, in zo tunda gashin ƙashi ne aikina. Na taso daga Kaduna cikin hunturu da barguna biyu a ɗaure. Bayan Kwanar Dangora wani jami'i a shingen hanya ya sa na kwance su a kan titi. "Yallaɓai, bargo ne," na ce. Sai ya taɓa su da ƙafa ya juya, ko sannu babu. A Kwanar Gafan kuwa kwandunan tumatur ne jere iya ganinka, kuɗin da zai cika miki leda a Kasuwar Barci ta Kaduna a nan kwano babba zai cika, har da gyara. Ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974, shi ke riƙe da noman ranin yankin nan duka.

Gwaggo ta tare ni da fura da nono mai kauri, irin wanda a Kaduna sai an yi sa'a. "'Yar nan, sha tukuna, aiki ba ya gudu." Da na ga aikin na gane ciwon: sunkuyo a kan tukunya, ɗaukar jiƙaƙƙiyar shinkafa, baza ta a shanya, tun safe har la'asar.

Abin da na koya musu kwanciya ce daga yoga, wani salon motsa jiki na ƙasar Indiya, ana kiranta Supta Baddha Konasana. Tallafa jiki da barguna da matasai kuwa malamin yoga B.K.S. Iyengar na birnin Pune a Indiya, wanda ya rasu a 2014, shi ya yaɗa shi. Wata dattijuwa ta tambaya ko bauta ce. Na ce, "Iya, kwanciya ce da numfashi kawai za mu yi, babu abin da za a karanta." Muka shiga ɗaki, mata zalla, kowa da wando a ƙarƙashin zani.

A shimfiɗa tabarma, a ɗora bargo a kai, don sumunti a hunturu yana sa tsoka ta ɗaure. A naɗe wani bargon ya yi tsawon kamu ɗaya da ɗan ƙari, kaurinsa kamar santimita 15. Ki zauna a tabarma, ƙarshen naɗin yana taɓa ƙugunki ta baya, ba a kansa za ki zauna ba. Ki haɗa tafin ƙafafunki, gwiwoyi su buɗe gefe da gefe, dugadugai su yi nisan taƙi ɗaya ko biyu daga jiki. Sannan ki dafa ƙasa ki kwanta a hankali, naɗin ya bi tsakiyar gadon baya. A ninke zani a sa ƙarƙashin kai har goshi ya ɗan fi haɓa tudu. Hannuwa a gefe, tafi na kallon sama.

Inda aka fi ɓata abin shi ne cinyoyi. Dole kowace cinya ta sami matashi a ƙarƙashinta. In aka bar gwiwa tana lilo, matsematsi zai yi ta ja, jiki ya ƙi saki, hutun ya koma wahala. Ba a danna gwiwa ƙasa, ko da wasa. Wata matashiya ta ce ƙugunta na tsunkulinta. Muka rage kaurin naɗin, ta ɗan matsa gaba, ya daina. Wadda ƙafarta ta fara sagewa kuma ta ƙara nisa da dugaduganta. Matasai sun yi mana kaɗan, sai Gwaggo ta kawo buhunan ƙaiƙayi rabi-rabi aka lulluɓe da zani, kuma ni dai na ga sun fi na soso, don ba sa lotsawa.

Numfashi ta hanci, fitarsa ta ɗan fi shigarsa tsawo. Minti 5 ya isa farko, a hankali a kai 10. Wajen tashi, ki sa hannu ki haɗe gwiwoyi, ki mirgina gefe, ki ɗan jira, sannan ki tashi da ƙarfin hannu. Zabura tsaye na kawo jiri. Kada a yi da cikakken ciki, a bar awa 2 bayan tuwo.

Mai cikin da ya wuce wata 4 kada ta kwanta shame-shame, a tada mata baya sosai ya zama jingina. Wadda aka yi wa aiki kwanan nan, ko mai raunin gwiwa ko ƙugu, ta fara jin ta bakin likita. Ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, na asibiti ne a ranar, na kuma nanata musu wannan.

Washegari na leƙa kasuwar Kura na yi cinikin shinkafa 'yar gida, mai awon ya cika mudu har da tozo ba tare da na roƙa ba. Gwaggo ta ƙara mini da albasa da daddawa, bargunan kuma na bar wa matan. Motar dawowa ta tsaya a Zariya shan mai, muka shiga Kaduna bayan magariba.