Sannu nake nufi

Wata uku da zuwana birnin Leeds na Ingila, a hunturun 2023, wata tsohuwa da nake kula da ita a gidan tsofaffi ta buge gwiwarta da ƙarfen gado. Ina can bakin taga ina ninke tawul, ko kusa da ita ban je ba. Na rugo na durƙusa ina shafa mata wurin, babu abin da ke fita bakina sai "sorry, sorry". 'Yarta na zaune tana kallo. Kafin a tashi aiki manaja ta kira ni ofis, ga takarda a gabanta: wai me na yi wa matar da har nake ba ta haƙuri sau huɗu?

Wallahi sannu nake nufi. Tun muna firamare a Zariya haka muka iya: yaro ya faɗi, a ce masa sorry. Na yi ta bayani, murya na rawa, ita kuma tana rubutu. Ba a kore ni ba, amma ranar na yi kuka a bas har gida.

Abin da ke ci min rai, su Turawan fa kalmar nan ba ta barin bakinsu. Ka taka mutum a bas, shi zai riga ka faɗa. Bai ji maganarka ba, ya ɗaga gira ya ce "sorry?" Yana neman hanya a kanti, ita ce. Zai hana ka abu, da ita zai fara. Har ta'aziyya da ita suke yi. Amma ka faɗa wa wanda ya yi tuntuɓe, sai ya ce ai ba laifinka ba ne.

Mu kuwa kowanne da gurbinsa. Yi haƙuri daban, gafara dai daban, Allah ya jiƙan rai daban. Sannu kuma ta mai ciwo ce, ta mai aiki, ta wanda ya sha hanya.

Umma na fama da ciwon ƙafa shekara biyu ke nan, ƙanwata ce ke gasa mata da ruwan zafi, ni ina nan ina shafa gwiwar iyayen wasu. Daren nan na kira ta, ban gaya mata komai ba. Na ce, "Sannu Umma, ya ƙafar?" Ta ce, "Yawwa 'yar nan, da sauƙi. Ke ma sannu da sanyi." Na kasa magana, har ta ɗauka layin ne ya yanke.