Wasiƙa daga Melbon: Sababbin Littattafan Ostireliya da Hanyar da Suke Bi Su Isa Hannun Mai Karatu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu karatu na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne daga birnin Melbon da ke kudancin Ostireliya, a cikin watan Oktoba, lokacin da kuke shirin shiga hunturu mu kuma muke shirin shiga zafi. A irin wannan lokaci ne kantunan littattafai suke cika maƙil da sababbin bugu, domin bikin Kirsimeti da dogon hutun makarantu duk a watan Disamba suke faɗowa, kuma kamfanonin ɗab'i sun san cewa littafi yana cikin abubuwan da mutanen nan suka fi saya su ba juna kyauta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a shekarun da na yi a nan shi ne tsarin da aka shimfiɗa domin sabon littafi ya bar maɗaba'a ya isa hannun yaro ko babba ba tare da ya yi kwantai ba.

Na fara fahimtar wannan tsari ne ta hanyar 'yata da ke aji 3 na firamare. Wata rana a watan Agusta ta dawo daga makaranta da takarda a hannu, wai ranar Juma'a kowane ɗalibi zai zo da shigar wani tauraro na cikin littafin da yake so. Mahaifiyarta ta kwana tana yanka kwali da tsohon mayafi har ta haɗa mata kunnuwa da wutsiyar wata dabbar daji ta nan ƙasar, ni kuwa ina gefe ina gunagunin cewa wannan wasa ne kawai. Da na raka ta na ga malamai da shugabar makaranta su ma sun yi irin wannan shiga, kowa riƙe da littafinsa, sai na yi shiru. Wannan shi ne Makon Littafi, wanda majalisar littattafan yara ta ƙasar, wato CBCA, take shiryawa kowace shekara. An kafa majalisar a 1945, ta kuma fara ba da kambun littafin shekara a 1946. Tun farkon shekara take fitar da jerin sababbin littattafan da suka yi fice, an kasa su gida-gida: na ƙananan yara, na 'yan firamare, na matasa, na hotuna, da na ilimi. Duk littafin da ya shiga jerin ƙarshe akan manna masa tambari a bango, kuma makarantu da laburare sukan yi rububin sayensa tun kafin a sanar da wanda ya yi nasara a watan Agusta.

Littattafan matasa sun fi shan gwagwarmaya, saboda bugun Amurka da Ingila sun mamaye kasuwarsu. Wannan ne ya sa a 2015 marubuta da masu sayar da littattafai da ma'aikatan laburare suka fara wani gangami a intanet mai suna LoveOzYA domin tallata abin da 'yan ƙasa suka rubuta wa matasansu. Abin da ɗana mai shekara 14 yake arowa yakan ƙunshi labarin 'ya'yan baƙin haure da suke neman gindin zama, ko rayuwar ƙananan garuruwa bayan gobarar daji. Ba zan ɓoye muku ba, wasu daga cikinsu suna taɓo maganganun da uba Bahaushe zai so ya fara leƙawa kafin ya miƙa wa ɗansa, kuma haka nake yi.

A ɓangaren manya kuwa, kambun da ya fi kowanne daraja shi ne na Miles Franklin, wanda aka fara bayarwa a 1957, kuma sharaɗinsa shi ne littafin ya nuna wani fanni na rayuwar Ostireliya. Akwai kuma kambun Stella da aka fara a 2013 domin mata marubuta. A 2024 Alexis Wright, 'yar ƙabilar Waanyi daga cikin 'yan asalin ƙasar, ta haɗa kambunan biyu da littafinta Praiseworthy, mai shafi fiye da 700, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Giramondo ya buga. Kafin nan, a 2020, Tara June Winch ta ci kambun Miles Franklin da The Yield, labarin da aka gina a kan ƙamus ɗin harshen Wiradjuri, ɗaya daga harsunan 'yan asalin ƙasar, da wani dattijo yake rubutawa kafin rasuwarsa, domin kada kalmomin kakanninsa su bi shi kabari.

A nan ne nake so na ɗan daɗe. Lokacin da Turawan Ingila suka sauka a 1788, 'yan asalin wannan ƙasa suna magana da harsuna fiye da 250. An ƙwace filayensu, an raba yara da iyayensu, an hana su magana da harshen uwa a makarantu da gidajen mishan, har yawancin harsunan suka mutu ko suka rage a bakin tsofaffi ƙalilan. Yau jikokin waɗannan mutane ne suke buga littattafan yara masu layi biyu, na sama da harshensu, na ƙasa da Turanci. Kamfanin Magabala da ke garin Broome a yammacin ƙasar yana wannan aiki tun 1987, kuma ya fi mayar da hankali ne kan buga wa marubuta da masu zane 'yan asalin ƙasa. Akwai kuma gidauniyar da ke kai littattafai kyauta zuwa ƙauyukansu masu nisa, tana kuma taimaka wa yaran can su rubuta nasu labaran da harshensu a buga. Na taɓa aro ɗaya daga irin waɗannan littattafai, shafinsa bai wuce 30 ba, zanen kifi da jan ƙasa ne ya cika shi, kuma 'yata ta haddace sunan kifin da harshen mutanen cikin dare ɗaya. Da na tambaye ta sunan tarwaɗa da Hausa, sai ta kalle ni kawai. Abin ya tsaya mini a rai, domin harshen da miliyoyin mutane suke magana da shi ne ya rasa littafi mai hoto a gidana.

Kada ku ɗauka komai lafiya lau yake. Littafi a nan yana da tsada, sabon labari na manya yakan haura dala 30 na ƙasar, kuma marubuta da yawa ba su iya rayuwa da alƙalaminsu kaɗai, sai sun haɗa da koyarwa ko wani aikin. Ƙananan kamfanonin ɗab'i ma suna faɗawa hannun manya na ƙasashen waje: Simon & Schuster ya sayi Affirm Press a 2024, Penguin Random House kuma ya sayi Text Publishing a 2025, abin da ya sa marubuta suke fargabar cewa sabon hannu zai ƙara wahalar samun mai buga masa. Sai dai akwai abin da yake rage musu raɗaɗi. Tun tsakiyar shekarun 1970 gwamnati take biyan marubuta da mawallafa wani kuɗi kowace shekara gwargwadon yawan littattafansu da ke laburaren jama'a, saboda aro kyauta yana rage ciniki. A 2000 an faɗaɗa tsarin zuwa laburaren makarantu, a 2023 kuma aka shigar da littattafan da ake karantawa ko saurara a waya.

Laburaren unguwarmu yana da sashen Larabci da Sinanci da Somaliyanci, kuma duk mai kati yana iya cika fom ya nemi a sayo littafin da babu. Na cika fom ɗin na nemi littafin yara na Hausa. Ma'aikaciyar ta karɓa da fara'a, ta ce abu biyu take bukata: lambar littafin ta duniya da ake bugawa a bayan bango, da adireshin dillalin da zai iya aikowa da rasit. Na duba 'yan littattafan da na zo da su daga Kano, kusan duk babu lambar. Saboda haka roƙona ga marubuta da masu maɗaba'a na Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram shi ne, duk wanda ya buga sabon littafin yara na Hausa mai hotuna da wannan lamba, ya sanar da jama'a inda ake samunsa. Fom ɗina yana nan a wajenta, ta ce za ta riƙe shi har na kawo lambar.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani ɗan'uwanku mazaunin Melbon