Saura biyu, Mama

Tun kafin ɗana ya iya haɗa jimla yake ƙirga ƙarar kujerarsa ta mota. Ƙas na farko da na biyu, ƙarafunan nan ne da ke shiga makulli a tsakanin cinyoyinsa. Ƙas na uku, maƙalin ƙirji. In ukun nan ba su cika ba, to mota ba ta tashi. Yana da otizim (wasu galahanga suke cewa, ni dai kalmar ba ta taɓa kwanta min ba), kuma duk wanda ya zauna da yaro irinsa ya san ba a taɓa abin da ya saba da shi da garaje.

Kujerar tasa mai ɗamara biyar ce: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin cinyoyi. Ko yana so ko ba ya so, tana riƙe da shi. Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne, so yake yi. Ranar da hayaniya ta yi masa yawa har ya toshe kunnuwa yana ihu, da na zaunar da shi na ja igiyar ta matse shi, sai in ga numfashinsa ya sauka.

Yana da shekara 5 da 'yan watanni kafaɗunsa suka wuce ramin igiya na ƙarshe. Ƙa'idar kujerar da ke fuskantar gaba ita ce igiyar ta fito daidai kafaɗa ko sama da ita, kuma saman kunnuwa kada ya zarce bayan kujerar. Ta ƙare masa ke nan. Nauyinsa kilo 19, kwalin busta kuma, wato kujerar da yaro ke komawa bayan mai ɗamara, ya ce daga kilo 18 da shekara 4. Na duba lamba, na ga ya cika, na saya.

A nan na yi kuskure. Busta ba ta ɗaure yaro. Aikinta kawai ta ɗaga shi don bel ɗin mota, wanda da jikin babba aka auna shi, ya kwanta inda ya dace: na ƙasa a saman cinyoyi, kan ƙashin ƙugu, na sama kuma ta tsakiyar kafaɗa ya ratsa ƙirji. In na ƙasan ya hau ciki aka yi karo, hanji da ƙashin baya ne za su sha. In yaro ya tura na saman bayansa ko ƙarƙashin hammata, babu abin da zai tare kansa da ƙirjinsa. Wato dai rabin aikin na kujera ne, rabi na yaro, daga tashin mota har tsayawarta, ko da barci ya ɗauke shi. Wannan kuwa babu kwalin da ke auna shi.

Ranar farko na danna bel, ƙas. Ya dube ni. "Saura biyu, Mama." Na ce babu saura, wannan kujerar manya ce. Ya maimaita ya fi sau goma. Rana ta biyu na hango ta madubi ya mayar da bel ɗin bayansa, domin gefensa na gogar wuyansa, shi kuwa ko lakabin da ke wuyan riga sai na yanke kafin ya sa. Rana ta uku murfin gorar da yake juyawa a hannu ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya, bai kai ba, sai kawai ya danna jan maɓalli ya sauka ya ɗauko abinsa. Muna tsakiyar babban titi, motoci ta ko'ina. Na samu na gangara gefe, hannuna na rawa, shi kuwa ko a jikinsa. Ya samu murfinsa.

An ba ni shawarar in sayi robar nan da ake rufe maɓallin da ita. Na yi ta juya maganar, na bari. Littafin kujerar ya hana ƙara mata duk abin da ba a gwada ta da shi ba, sannan na tuna in an yi hatsari, wanda zai ciro shi baƙo ne da bai san dabarar buɗewa ba. Ga shi kuma robar ba za ta hana shi sunkuyawa ba.

Muka koma baya. Muka nemo kujera mai tsawon baya wadda ɗamararta ke ɗaukar har kilo 29, wadda daga baya ake cire igiyoyin ta zama busta. Yayata ta gan shi a ciki ta ce, "Wannan ƙaton har yanzu a kujerar jarirai?" Na ce, "Yaya, ƙaton ne ya kwance kansa a kan titi." Ba ta ƙara ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma abin da take cewa ke nan: a bar yaro a ɗamara har ya kai iyakar nauyi ko tsawon da masu ƙera kujerar suka sa, sannan busta har bel ya zauna masa daidai, galibi in ya kai tsawon santimita 145, tsakanin shekara 8 zuwa 12.

Shekara ɗaya da rabi muka ƙara. Da muka tashi sake gwadawa, kujerar da ya sani ce, warinta da laushinta duk nasa, igiyoyin kawai muka cire. Babansa ya ɗauki hotonsa yana zaune daidai, muka liƙa a bayan kujerar gaba. Sati guda muna shiga mota ba tare da an kunna ta ba. Sannan zagayen minti biyar, ni a gefensa, babansa na tuƙi. Muka ɗaga matashin kai har bel ya bar wuyansa, muka riƙa sa masa riga mai laushin wuya. Murfin gora kuwa yanzu uku ne a cikin ƙofin kujerar, in ɗaya ya faɗi ya ce "ya faɗi" ya ɗauki wani. Wannan kaɗai ya ci mu wata biyu. Doguwar tafiya da ta dare mun daɗe muna ɗar-ɗar da su, don in ya yi barci yakan zube gefe, shi ya sa ban ko kalli busta marar baya ba. Fukafukan gefen kai su ke tallabe shi.

Maganar ƙirga ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, har wata safiya da na danna bel, kafin ya buɗe baki na taɓa kafaɗarsa na ce "biyu", na taɓa cinyarsa na ce "uku". Ya yi shiru yana kallon hannuna. Washegari shi ya yi da kansa. Yanzu in an ji ƙas, sai ya dafa bel a kafaɗa, ya dafa a cinya, ya ce, "Uku. Baba, tafi." Jiya babansa ya yi saurin tayar da mota kafin a kai uku, sai da ya kashe aka sake daga farko.